Ajin Rabi da Ba a Jin Motsinsa

Daga Ungogo

Ana sallame sallar asuba ranar Litinin na dawo gida na ɗauki jakata. Uwar yara ta riga ta ɗaure saƙon da zan kai wa Rabi, 'yarmu ta uku: daddawa, kuka, ɗan yaji, da kwalin alli biyu da Rabin ta roƙa ta waya. Ta rako ni zaure tana cewa, "Malam, don Allah in ka je kada ka cika musu gari da murya." Na ce ai muryar ce ma zan kai.

Na haura shekara ashirin ina koyarwa a firamare, kuma a unguwarmu Malam Lasifika ake ce mini. In na ce "Kun gane?" yara suka amsa, har mai shayin bakin titi ya san an fara darasi. Rabi ta gaji aikina, amma ba ta gaji maƙogwarona ba. Bayan ta gama kwalejin horar da malamai aure ya kai ta wani ƙauye a gefen Shanono, inda mijinta ke aikin malamin gona, aka ba ta aji uku a makarantar garin. Sai ga ta a waya, wai iyaye sun koka wa hedimasta cewa ba ta koyar da komai, don in sun wuce gona ba sa jin motsin ajinta. Wasu har sun fara janye 'ya'yansu. An sa ranar Laraba shugaban iyayen yara zai zo, ita kuma ta ce in aka ci mata fuska a gaban ɗalibanta za ta ajiye aikin. Hankalina ya tashi, don na san yadda yarinyar nan take son allo da alli tun tana ƙarama. Na nemi izini a wurin aiki na kama hanya, da niyyar in koya mata yadda ake tayar da aji.

Dawanau zuwa Shanono

A-daidaita-sahu ya sauke ni Dawanau gari na wayewa. Manyan motoci sun yi layi, 'yan dako na ta sauke buhunan gero da wake, amma masu taya sun fi masu saye yawa. Shekarar ce man fetur ya yi tsadar da kowa ya ji a jikinsa, kuɗin mota ya ninka, ƙosai kuwa ya rame har sai ka haɗa biyu kafin ka ji ka tauna wani abu. Na sha koko a tsaye na shiga motar Bichi, mu biyu a kujerar gaba, gwiwata na gaisawa da giya.

Direban mai fara'a ne, kuma duk gangarar da ya samu sai ya kashe inji mu sulala. Ya tambaye ni aikina, na ce koyarwa.

"Allah ya ba da lada, Malam, tunda albashi ya ƙi bayarwa," in ji shi. Daga nan ya ɓarke da waƙar lissafi ta sau-sau da aka koya musu a firamare, yana buga sitiyari. Na ji daɗi har cikin raina, na juya na ce wa fasinjoji su shaida, abin da aka koya da waƙa ba ya ɓata. Wata dattijuwa mai buhun barkono a baya ta ce, "To direba, bakwai sau takwas nawa ne?" Sai muka ji ya koma can farko ƙasa-ƙasa, bakwai sau ɗaya, bakwai sau biyu. Kafin ya iso takwas mun wuce gari guda. Aka yi ta dariya, ni ma na yi, ban kawo komai a raina ba.

A Bichi na canja mota. A shingen da ke gaba kaɗan wani ɗan sanda ya ce in buɗe kwali, da ya ga alli sai ya sara mini ya ce, "Wuce, Malam, ku ne manya." Daga Bagwai zuwa Shanono gero ya yi kai dama da hagu, gona na manne da gona, ba ka rabuwa da rumbuna da mutane. Ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni ƙauyen bayan azahar. Rabi ta yi mini tuwon dawa da miyar kuɓewa ɗanya, na ci na yi hamdala, amma kwana sai a zauren hedimasta, Malam Garba, don ba na kwana gidan suruki.

Talata, a makaranta

Da safe na zauna a bayan ajin Rabi. Gaskiyar iyaye ce, ajin shiru yake. Ajin da ke maƙwabtaka da su kuwa ana ta rera karatu har kwanon rufi na amsawa. Litattafan rubutu sun fi ƙarfin yawancin iyaye a shekarar, don haka Rabi ta roƙi guntayen falanki wurin kafinta, ta shafe su da baƙin tsohon batir, kowane yaro da ɗan allonsa. Sai ta yi bayani gajere, ta yi tambaya, kowa ya duƙufa ya rubuta, sannan ta ce a ɗaga. Ta bi alluna da ido, ta je wurin wanda ya kauce ta durƙusa su gyara tare. Tana cikin sabon darasi kuma sai ta jefo tambaya daga na makon jiya. Yaran ba sa barci, na lura da wannan, amma ni dai ƙaiƙayi maƙogwarona yake yi.

Bayan tara na ce ta ba ni ajin. Na rubuta sau shida a babban allo, na sa mata kari, na haɗa da tafi da buga ƙafa. Kafin wani lokaci ajin ya ɗauka. Mata masu kai abinci gona suka tsaya a taga, Malam Garba ya fito daga ofis yana murmushi, wani tsoho ya jingine kekensa yana gyaɗa kai. Na ce, "Kun gane?" Suka ce, "Mun gane!" Na maimaita har sau uku, na miƙa wa Rabi alli ina share gumi.

Da yamma muna zaune a tsakar gidanta na ce, "Kin ga yadda ake yi."

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Na gani, Baba. Amma wane yaro ne zai dubi babba kamarka ya ce bai gane ba?"

Na ce ta ci gaba, ina ji.

"A kwaleji an nuna mana cewa masu bincike sun gwada dabaru da yawa da ake yayi. Wasu suna da daɗin kallo, amma in an dawo an auna yaran ba a ganin bambanci sosai. Har wannan da ake cewa a raba yara, wai wannan da ido yake koyo, wancan da kunne, ba a samu hujja mai ƙarfi a kai ba. Abin da ya fi tsayawa shi ne a sa yaro ya ciro amsa daga kansa, kuma a sake tambayarsa bayan kwanaki. Shi nake ƙoƙarin yi. Sai dai ba ya ƙara, Baba, kuma mutanen garin nan da kunne suke auna makaranta."

Tausayinta ya kama ni, amma ban sauka daga kan bakana ba. Na ce gobe ma rana ce.

Laraba

Abin da ya fara faranta mini rai, yara biyar da aka janye sun dawo, wai sun ji labarin waƙa. Na dubi Rabi, ta yi dariya ta ce wannan kam aikina ne, ba ta musu. Sannan ta raba alluna ta ce kowa ya rubuta shida sau bakwai. Na ga leɓuna sun fara motsi, ƙafafu na bugawa a ƙarƙashin benci, kowa ya koma shida sau ɗaya. Direban Bichi ya faɗo mini a rai. Da aka ɗaga alluna, kaɗan ne suka dace. Ta ce huɗu sau bakwai, wanda suka yi da ita tun makonnin baya, kafin in gyara zama alluna sun tashi, yawanci daidai.

Na matsa kusa da ita na ce, "Ba a yi mini adalci ba, nawa kwana ɗaya ne."

"Gaskiya ne, Baba. In aka bi shi da tambaya zai zauna. Amma jiya dukkansu sun ce sun gane. Ba don allon nan ba, ta yaya za mu san wanda aka bari a baya?"

A daidai nan Malam Garba ya shigo da Baba Iro, shugaban iyayen yara, da wasu dattawa biyu. Baba Iro dogo ne, fari tas a gemu, da ƙasar gona a ƙafarsa. Bayan gaisuwa ya ce, "Malama, ni ban yi boko ba. Amma a makarantar allo, in yara suka yi shiru, ko barci suke ko ɓarna. Jiya mun ji karatu, da baƙo ya zo. Ke me ya hana?"

Na buɗe baki zan tare wa Rabi, sai ta riga ni.

"Baba Iro, ka zaɓi yara biyu da kanka. Ɗaya ya fita can gindin darbejiya inda ba zai ji ba. Ka raɗa wa ɗayan duk maganar da ka ga dama a kunne, ya rubuta. Sai a kira na waje ya karanta maka."

Baba Iro ya shafa gemu. Ya tsallake na gaba masu ɗaga hannu, ya nuno wani yaro a can lungu da wata yarinya mai ɗan kwali kore. Aka fitar da yarinyar, dattijo ɗaya ya bi ta don kada a yi maguɗi. Baba Iro ya duƙa ya yi raɗa, yaron ya ciji leɓe yana rubutu. Aka kira yarinyar, ta riƙe allo da hannu biyu, ta karanta a hankali: "Jar akuyata ta ci mini wake jiya, ranar kasuwa zan rabu da ita."

Aji ya fashe da dariya, har dattawan. Baba Iro ya ce, "Ikon Allah. Ko matata ban gaya wa ba." Amma bai yarda nan take ba. Ya sake zaɓar wasu, aka yi, ya kuma zaɓar wasu. Sau ɗaya wani yaro ya cije a tsakiya, Rabi ba ta ɓoye ba, ta ce wannan yana cikin waɗanda suka yi makonni a gona, kuma za ta zauna da shi. Baba Iro ya dubi ƙasa, don ashe ɗan ƙaninsa ne.

Sannan ya ce a yi na ƙarshe. Ya kira jikarsa ya raɗa mata, ya ce wannan karon ba sai an fitar da kowa ba, ta ɗaga kowa ya gani. Yarinyar ta rubuta, ta juyo da allon wajen malamarta. Yaran suka karanta tare, ba wanda ya ba su kari: "Malama ta yi haƙuri, kada ta tafi."

Rabi ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni ma na juya ina duban taga kamar wani abu ke wucewa. Baba Iro ya yi gyaran murya ya ce sharaɗinsa ɗaya ne, a riƙa yin 'yar waƙar nan ta Malam da safe, don na gona su san an buɗe makaranta. Rabi ta ce ta yarda.

Komawa gida

Bayan azahar na yi sallama. Baba Iro ya aiko mini da zabuwa, Malam Garba ya raka ni har bakin hanya, Rabi kuma ta saka mini ɗan allo guda a jaka. Wanda jikar Baba Iro ta rubuta kuwa ta hana a goge, ta kai shi ɗakinta. Zabuwar ta yi mana kuka tun daga Shanono har Dawanau, fasinjoji na cewa ta yi gadon mai ita.

Na shiga gida ana kiran magariba. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Malam Garba da zaurensa, da surukina, da Baba Iro da ya san hanyar ba da haƙuri. Uwar yara ta karɓi zabuwa ta ce, "To, ka koya mata?" Na ciro ɗan allon na miƙa mata, na ce ta ajiye mini inda zan gani da asuba, zan biya wurin kafinta kafin in wuce makaranta.