Tsagar da Ba ta Kowane Gari

Aikina a Guangzhou ta ƙasar China rakiya ne. Alhaji zai sauko daga Kano bai san gabas ba, in ɗauke shi zuwa kasuwar Baima ya zaɓi riguna, mu wuce titin Zhanxi Lu a yi ta jayayya da laoban, wato mai shago, kan kuɗin takalma, da yamma in mayar da shi Xiaobei, unguwar mutanenmu, ya ci tuwo ya ce wallahi bai kai na gida ba. Na iya wannan kamar ruwan sha. Sau ɗaya aka taɓa ɗaukata rakiyar da ba ta kaya ba, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Wani Ba'amurke baƙar fata da ke koyar da Turanci a garin ne ya zo mini da mahaifiyarsa. Tsohuwa ce doguwa, tana dogara sanda, ciwo ya cinye ta har ƙashin wuya ya fito. Ɗan ya ja ni gefe ya ce likita ya yarje mata tafiya ɗaya bayan wannan, daga nan sai zama. Ita kuma ta rantse tafiyar ta garin kakanninta ce. Matsalar ita ce ba ta san garin ba.

Ba yau ta fara nema ba. Ta ce ta bi motocin masu zagaya da mutane a kudancin ƙasarsu, an nuna mata gadoji da coci-coci inda aka doki baƙaƙe don sun ce su ma mutane ne. Wani wurin ma ta gyara wa mai jagora bayani, don tana yarinya tana cikin waɗanda aka watsa wa ruwa. Ta je bakin teku a Gana, ta shiga ɗakin da ake tara bayi, ta yi kuka tare da waɗanda suka zo mota ɗaya. Amma ta ce wancan ƙofar fita ce kawai, ita gidan take nema. Gwajin jini ya ce mata arewacin Nijeriya ko Nijar. Na ce a raina, Mama, ai wannan kamar a ce miki allurarki tana cikin rairayi ne.

Sai ta nuna mini abin da take riƙe da shi. Ta ɗaga yatsa ta ja dogon layi daga gefen idonta na hagu zuwa haɓa, ta ja gajeru biyu a bakin dama, sannan ta tsunkuli saman kunnenta. Ta ce haka fuskar kakar kakarta take, wadda aka tsallako teku da ita tana ƙarama. Babu hoto. Kowace uwa a gidansu tana zana wa 'yarta da yatsa lokacin wanka, har ya iso kanta.

Nan na buga ƙirji, ni da bakina da ba ya gajiya. Na ce indai tsaga ce, an zo gida. Fuskar Bahaushen dā ai ita ce adireshinsa, kuma Xiaobei babu garin da ba shi da wakili.

Muka yi ta hawa da sauka a benaye. Kanawa suka ce ba tasu ba ce, wataƙila ta Katsinawa ce. Bakatsine ya ce a tambayi Zamfarawa. Wani mai jigilar kaya ya ce ta Gobir ce tabbas, na kusa da shi ya ce ƙarya yake, Bagobiri tasa ta fi haka yawa. Matasa kuwa dariya suke, su da fuskarsu sumul kamar tawa. Ita dai tana tsaye tana zana fuskarta a gaban kowa, ba ta gajiya. Har wani shago muka leƙa don ta ɗan zauna, mai shagon ya kalle mu ya kaɗa hannu, “Meyo, meyo,” wato babu, tun ba mu tambayi komai ba. Na fusata zan yi magana ta riƙe hannuna. Ta ce ta san wannan kallon tun kafin a haife ni.

A ƙarshe aka tura mu wurin wani dattijo ɗan Maraɗi mai sayen yadi, wanda aka ce gidansu wanzamai ne. Muka same shi a gidan abinci bayan La'asar. Na gaishe shi, na yi bayani, ta zana. Ya ce ta sake. Da ta kai kunne sai ya ajiye kofin shayinsa.

“Ɗana, wannan ba ta gari ba ce,” ya ce da ni. “'Yar wabi ce.”

Na san kalmar. Ya ci gaba a hankali. Macen da 'ya'yanta ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya, in ta sake haihuwa sai ta hana a yi wa jaririn tsagar gidansu. A yi masa wata daban, hagu da dama ba su dace ba, a yanke ɗan kunne, don in mutuwa ta dawo ɗauka ta duba fuska ta ce wannan ba na gidan nan ba ne, ta wuce.

“Da gangan aka ɓatar da sawun,” ya ce. “Ko kakana ya tashi ba zai faɗa maka garin ba.”

Tsohuwar tana kallon bakina, don ni ne tafinta. Wallahi na so in ce Kano. Wa zai kama ni? Ta je a zagaya da ita Dala da Kurmi, ta dawo ta kwanta da sanyin zuciya. Amma dattijon yana zaune, ita kuma ta yi tafiyar duniya ana sayar mata da labari. Na faɗa mata yadda ya faɗa, Turancina yana karyewa.

Ɗanta ya dafa kafaɗarta ta ture hannun.

“Wato uwar ta binne wasu kafin ita,” ta ce.

“Haka ne, Mama.”

“Ta ɓoye ta daga mutuwa, sai mutane suka zo suka ɗauke.”

Dattijon ya tambaye ni me ta ce, na faɗa masa, ya sunkuyar da kai yana salati.

Sannan ta ce abin da ya hana ni sukuni. Ta ce yarinyar ta rayu fa. Ta tsufa har haƙoranta suka zube, ta ga jikoki, ga su nan har a China. Dabarar uwar ta yi aiki, uwar ce kawai ba ta sani ba, ta mutu tana zaton wannan ma ta tafi kamar sauran.

“Ba na son fili, ba na son dangi,” ta ce. “So nake in tsaya a kan ƙasar da aka binne matar nan in gaya mata. Kai mai rakiya ne, ɗana. Ina zan je?”

Na san kowane lungu na garin nan, na san kwanakin da kwantena ke yi kafin ta kai Legas. Amma wannan hanyar ban san ta ba. Ta jira ni har shayin gabanta ya huce, sannan ta ce wa ɗanta ya miƙo mata sandarta.