Sharar Ƙarfe Ɗaya ta Inna Barakatu

Sunana ne a jikin allon makarantar, amma in za a ji tsoron Allah, Inna Barakatu ce ta tsayar da ita da ƙafafunta. Ni Saudat, da na gama kwalejin fasaha ta nan Ƙaura Namoda, na buɗe makarantar rainon yara a wani gida mai ɗaki huɗu. Kaina cike yake da darasin kula da abokin ciniki. Na sa aka yi fenti, na kafa lilo, na ajiye wa iyaye kujeru da ruwan sanyi. Na kuma kafa doka: duk uwar da ta zo ɗaukar yaro, malama ta tare ta da fara'a, ta kira sunan yaron, ta karanta mata rahoton yadda ya wuni. Ina ji da wannan tsari kamar me.

Ita kuwa Inna Barakatu shara na ɗauke ta. 'Yar Jangeru ce, aure ya kawo ta Ƙaura. Mijinta mai awo ne a kasuwar hatsi, bayan rasuwarsa ta shekara goma sha biyar tana tuyar masa a bakin tasha. Ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, amma mutum ya gifta ta gabanta sau ɗaya, ta san ko ya karya kumallo, ko an ɓata masa rai a gida. Ga taurin kai. Sai ta ce miki "to, Malama," ta je ta yi abin da ta ga dama.

Bayan wani hari da 'yan bindiga suka kai ƙauyensu a yankin Moriki, wata Bafulatana mai suna Indo ta taho Ƙaura wurin kawunta da 'yarta mai shekara huɗu. Kawun ne ya yi rajista, shi ya ce sunan yarinyar Nazifa, kuma tun ranar da suka gudo ba ta sake furta ko kalma ɗaya ba. Likita ya ce a sa ta cikin yara, wataƙila bakinta ya buɗe.

Indo ce ke kawo ta, ita ke ɗaukarta. Amma da malama ta fara "Maman Nazifa, yau Nazifa ta..." sai ta kau da kai ta yi gaba. Abin ya ishe ni. Wata rana na tare ta a gaban mata, na ce, "Baiwar Allah, 'yarki ce fa! Ko sau ɗaya ba za ki tambayi yadda ta wuni ba?" Ta ja hannun yarinyar ta tafi. Washegari ba su zo ba, har kwana uku.

A rana ta huɗu Inna Barakatu ta shigo ofis da tsintsiyarta, ko sallama ba ta ƙarasa ba.

"Malama, ɗiyar hwari ta. So kike ta kira sunanta, ta yi cigiyarta gaban mutane?"

Na san kunyar ɗan fari, kakata ta yi wa babana har ta koma ga Allah. Ni dai na ɗauka abin ya tafi da su.

"Matar da kinka ce ba ta kula ba," in ji ta, "kullum tana bayan katanga tun sahe har a tashi. Ke kina ohis, ni ka shara waje."

Kunya ta rufe ni, ga tsoro. In yarinyar nan ta ƙare rayuwarta ba magana, da hannuna a ciki.

Inna Barakatu ta je gidan ita kaɗai. Ban san me ta ce ba, amma Litinin sai ga su. Sharaɗi ɗaya ta gindaya mini: kada malama ta sake tarar Indo, a bar mata ita.

Daga ranar, da ƙarfe ɗaya ya yi, lokacin tashi, sai ta fita bakin ƙofa tana share wurin da ta riga ta share da safe, tana magana kamar da ƙasa take. "Ikon Allah, yau wata ta shanye kununta tas." Wata rana kuma, "Yau wata ta ture wani ƙato daga lilo, ni ko ban hana ba." Indo tana gefe, ta duƙa tana gyaran takalmin da ba abin da ya same shi. Ba suna, ba tambaya, ba haɗa ido, amma kullum da cikakken rahoto take komawa gida. Nakan tsaya ta taga ina kallo. Ban taɓa ganin hikima irin wannan ba. Labari ya bazu, matan da suka taso daga ƙauyukan Zurmi da Shinkafi suka fara kawo nasu, kowaccensu mai sharar bakin ƙofa take nema, ba ofishina ba.

Ranar wata Laraba, a mako na bakwai, Nazifa ta yi magana a aji. Na zabura zan fita da ihu, Inna Barakatu ta damƙe mini hannu har na ji zafi. Sai da ƙarfe ɗaya ya yi, sannan ta ɗauki tsintsiya.

"Yau wata ta yi magana," ta ce wa ƙasa.

Hannun Indo ya tsaya cak a kan takalmi. Ba tare da ta waiwayo ba, ta ce, "Inna... mi tac ce?"

"Cewa tay yi, ina Indo?"

Indo ta zauna daɓas a ƙasa, ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na girgiza. Inna Barakatu ta matso ta tsaya tsakaninta da jama'a, ta baza zaninta, tana yi wa masu keke faɗa su matsa gaba, har matar ta gama kukanta ba wanda ya gani.