Issufu Sau-Ɗaya da Hoton Ramatu

Ku da kuka san Issufu Mai Hoto, kun san gwiwoyinsa ke fara gaisuwa kafin bakinsa. Da ya hangi yaro a ƙofar lakwal, wato makarantar boko, sai ya tattare riga, ya durƙusa, ƙas! ƙas! kamar ana karya karan dawa, ya cire hula ya ce, "Ranka shi daɗe, an zo kama aiki?" Yaron da majina ke leƙen bakinsa fa! In yarinya ce kuwa, "Madam, barka da isowa." Wai shi ba ya ɗaukar yaro daga tsaye, don hoton da aka ɗauko daga sama maraya yake mai da yaro.

Durƙuson dai yana iyawa. Tashin ne sai da ni.

Ni Ɗan Jimma, tsohon ɗan kabu-kabu a Birnin Ƙonni, aikina biyu ne a wurinsa: in tuƙa shi, in ɗaga shi. Tun da samari suka shigo da sababbin babura, fasinjoji suka watse mini, sai shi kaɗai. Ba don ƙauna ba, don tsoron gudu. Yakan ce, "Moton Ɗan Jimma ba ya kashe mutum, sai dai ya tsufar da shi a hanya."

Mu muka laƙa masa suna Sau-Ɗaya, saboda dokokinsa biyu. Ta farko, yaro ɗaya, dannawa ɗaya. Fim ba tsiro yake yi a gona ba. Ta biyu, hoton shiga lakwal sai ranar da yaro ya fara shiga, a nan lakwal ɗin. Ko da wuƙa a wuyansa ba ya ƙetare su.

To, shekarar da nake son ba ku labarinta, dokar ta biyu a kaina ta faɗo. Ɗana Sani yana Libiya yana aikin gini. Ya bar mini ɗiyarsa Ramatu, wadda uwarta ta rasu tun tana goye. Ana gab da buɗe lakwal ya bugo waya ya ce, "Baba, a sa Ramatu bana. Kuma a aiko mini da hoto, in gani da idona."

In gani da idona! Yaron ya san ubansa. Ni zamanin da ake kama yara lakwal an kama ni, amma kafin azahar na dire ta taga, inna ta ɓoye ni cikin rumbu har aka manta da ni. Ɗan rubutun nan da kuke gani ma, da furfurata na tsinto shi a ajin yaƙi da jahilci. Kuma labarin rumbun nan babu majalisar da ban ba da shi ba, ina ƙara masa gishiri, Ramatu na zaune kan cinyata tana sha.

Ranar buɗewa na neme ta sama da ƙasa, na iske ta bayan randa.

"Amaryata, fito mu tahi."

"Tsoho, kai da ka gudu, mi ya same ka?"

"Ba ki gani? Kabu-kabu ya same ni!"

"To ni ma moto nike so."

Na yi lallashi, na yi alawa, na ɗauko tsumagiya na kasa ɗaga hannu. Washegari na lallaɓa wurin abokina na ce, "Issufu, don Allah ɗauke ta nan bakin zaure. Wa ya san ƙofar lakwal ɗinmu a Libiya?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Mutum na dakon bulo cikin ƙasar mutane don yarinyar ga, ni in aika mishi ƙarya da hannuna? Ranar da ta shiga ka kira ni. Kafin nan, tada moto, Malbaza muka yi."

A Malbaza, bayan ya gama da ɗiyan ma'aikatan masana'antar siminti waɗanda ran nan suka fara, sai ga wani jandarma, sabon zuwa garin, ƙato, gashin baki kamar tsintsiya, yana jaye da ɗansa cikin sabon kaki.

"Mai hoto, ɗauki wannan."

Issufu ya durƙusa, ya gaida yaron da ladabi, ya tambaye shi, "Ranka shi daɗe, yau ka fara?"

"Jiya."

Sai ya miƙo mini hannu. "Ɗan Jimma, ɗaga ni."

Jandarma ya ce, "Kai, lafiya? Jiya ina kan aiki, ban samu zuwa ba. Jiya da yau mi ya raba su?"

"Dubi idonshi, yallaɓai. Ya riga ya san inda bayi yake, ya san wanda ake tsoro cikin aji. Wanga tsohon ma'aikaci ne. In kana so in yi mishi hoton sallah, in yi. Na ranar farko kam ya wuce."

Ni a lokacin na fara tuno laifuffukan motona: ba madubi, ba fitila, takardu kuwa sai dai tarihi. Jandarma ya kama ƙugu ya ce, "To yanzu yaya kake so in yi?"

Issufu ya kaɗe gwiwa ya ce, "Ka haifi wani. Shekara shidda ba nisa."

Na ce shi ke nan, yau a tsare za mu wuni. Sai mutumin ya fashe da dariya har gashin baki na rawa, ya saya mana fura. Ni dai tawa ba ta sauka ba sai da muka bar garin.

Da muka komo Ƙonni na iske saƙon darektan lakwal: aji ya cika, in Ramatu ba ta zo ba kafin wata ya ƙare, za a ba wani yaro wurinta. Na faɗa wa Issufu, ya ce "Uhm" kawai, ya ce washegari ƙauyukan Illela za mu.

Kun san can ba kalandar gwamnati ake bi ba, ta gero ake bi. Sai an kai damma gida sannan uba ke sakin yaro, don haka ranar farko sai ta yi wata guda tana zuwa ɗaya-ɗaya. Yawancin yaran ba su da jaka, allonsu a hammata. Shi ya sa Issufu ke yawo da wata jar jaka guda, yana rataya wa kowa kafin ya danna. Ku je gidajen Ƙonni, Malbaza da Illela ku duba hotunan bango: jakar nan ta fi kowane malami daɗewa a lakwal. Don ta kumbura kamar mai littattafai, cikinta yake zuba abincinmu na rana, ƙuli-ƙuli da dafaffen rogo.

Ran nan ya rataya wa wani ɗan mitsitsin yaro mai suna Habu, ya jira har yaron ya daina kyarma, ya danna. Habu ya ɗauka kyauta aka yi masa. Ya juya, ya buɗe ƙirji, ya shige aji da jaka.

Na ce, "Issufu, abincinmu ya tahi karatu!"

"Bar shi."

"In bar mi? Tun safe ko koko ban sha ba!"

"Ba a ƙwace ma ma'aikaci kayan aiki ranar da ya kama aiki. Zauna."

Muka zauna gindin aduwa, cikina na kiran sunana, har aka tashi. Habu ya fito da abokai bayansa kamar ɗan takara, baki duk mai. Issufu ya karɓi jakar, ya girgiza, ko gari babu. Ya jinjina kai ya ce, "Ka gani? Rana ɗaya ya ƙare littattafan duka. Wanga yaro zai yi nisa."

A hanyar komowa ban yi masa magana ba. Ba don rogon ba. Wata na ta ƙarewa, Sani na ta bugowa, ni kuma ina ta cewa layi ba kyau.

Wata safiya sai ga shi ƙofar gidana, a ƙasa, da kamara a wuya. Ramatu na zaune tana shan koko, ko kallonta bai yi ba. Ya ɗauko jar jaka ya rataya mini.

"Mi ke nan?"

"Yau kai za ka shiga. Taka ranar farkon ba ka ƙarasa ta ba, tana nan tana jiranka."

"Issufu, ka dubi gemuna!"

"Na dube shi. Wuce gaba."

Na so in yi gardama, sai na ga Ramatu ta aje ludayi, ido waje. Na gyara jaka, muka kama hanya. Masu shayi na ihu, 'yan kabu-kabu na busa oda, wani na cewa, "Ɗan Jimma, a yi karatu da kyau, ban da taga!" Ban waiga ba, amma ina jin takun ƙananan silifa a bayanmu.

Ashe ya riga ya shirya da madam ɗin ajin. Ta karɓe ni fuska a ɗaure, ta nuna mini benci a layin gaba, irin mai haɗe da tebur. Na cusa ƙafa ɗaya, na cusa ta biyu, na haɗiye tumbi, na zauna. Sai madam ta ce kowa ya tashi a gaisa. Yara suka miƙe. Ni ma na miƙe, tebur ya ce shi ma ɗan aji ne, ya taso tare da ni!

Kai, jama'a! Ajin ya kece. Wani yaro har birgima yake yi a ƙasa. Na ja, na murɗa, tebur ya riƙe ni kamar ya san tarihina.

Sai na ji wata 'yar murya daga ƙofa: "Ku bar yi mishi dariya!"

Ramatu ce. Ta shigo tsakiyar aji, gira a haɗe, ta zaga ta fizge jakar daga wuyana ta rataya. "Ba ni nan, tsoho, ba ka iya ba. Tahi gida. Ni na zauna."

Ta kama hannun rigata tana jana wajen ƙofa, ni da tebur duka. A nan bakin ƙofar kuwa Issufu na durƙushe cikin rana tun shigata, ido a kamara, zufa na ɗiga daga haɓarsa. Ƙyas! Sau ɗaya.

Sannan ya miƙo hannu yadda ya saba: "Ɗan Jimma, ɗaga ni." Na ce, "Ni wa zai ciro ni?" Tsofaffi biyu, ɗaya ya kasa tashi, ɗaya ya kasa fita. Sai da madam ta raba ajin biyu, rabi suka ja ni, rabi suka ɗaga shi.

Da aka wanko hoton, ga Ramatu a gaba, fuska kamar alkali, ga kakanta a baya sanye da tebur. Na ce a yanke ni kafin a aika. Issufu ya ce shi mai hoto ne, ba mahauci ba. Haka muka ba wani mai tafiya Libiya. Da ya isa, Sani ya bugo yana dariya har da tari: "Baba, kai wane aji aka sa ka?" Can sai dariyar ta tsaya, na ji numfashinsa kawai. Ya ce, "Ta yi kama da uwarta." Waya na ta cin kuɗi, ba wanda ya iya kashewa.

Tun ran nan Ramatu ba ta sake komawa bayan randa ba.

Shekaru suka shuɗe. Daminar da ta wuce ciwo ya kwantar da Issufu, daidai lokacin da sakamakon jarrabawar gama firamare ya fito. Ramatu ta je da kanta ta faɗa masa ta ci, za ta kwaleji. Ya rame, murya ta shige, amma sai da ya yafuto ni ya ce, "Ka kai ta da kanka. Sai dai ka tsaya waje, teburan can na manyan yara ne, aji ɗaya bai isa ciro ka ba." Muka yi dariya, shi ma ya yi iya ƙarfinsa. Kafin a yanke gero ya rasu.

Ranar da aka buɗe kwaleji na kai ta. Ta sauka, ta gyara ɗankwali, ta ce, "Tsoho, ka tuƙa a hankali," ta shige cikin 'yan'uwanta. Na daɗe tsaye bakin ƙofa kafin na tada moto. A hanyar gida ya yi mini sauƙi ƙwarai, ba kowa a baya, ba mai ce mini in rage gudun da ba ni da shi. Sai da na tsaya gefen hanya na share ido da hula.

Allah ya jiƙan Issufu. Allah ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya yalwata masa makwanci. Yadda ya tausaya wa ɗiyan mutane ranar da suke cikin tsoro, ya Allah ka tausaya masa. Mu kuma da ya bari, in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.