Geron da Ban Aiko Ba

Shekara shida ke nan rabona da Gure. Ina Sabha, a ƙasar Libiya, ina loda bulo a kamyo, babbar motar kaya, aka kira ni ranar Litinin, tara ga watan Safar, aka ce Allah ya yi wa surukina Malam Aisami rasuwa bayan la'asar. Daga Allah muke, gare shi za mu koma.

Baba, yau ne na fara ambatar sunanka. Tun da ka ba ni 'yarka Zinariya ban taɓa cin abinci a gabanka ba, in na hango ka a hanyar kasuwa sai in ratse. Kunyar surukuta ta hana ni yi maka godiya kana da rai, ga shi yau ina yi ba ka ji.

A shekarata ta uku a nan aka kama mu aka rufe, ba waya, ba aike. A gida wasu suka ce na mutu, wasu suka ce na yi sabon aure. 'Yan uwana da muka fito ciki ɗaya, waɗanda suka sha cin abin da nake aikowa, ba wanda ya leƙa gidana ya ga ko an hura wuta. Ban yafe ba tukuna, kuma ba zan yi ƙarya a kan mamaci ba.

Kai ne ka riƙa auno gero daga rumbunka, ka ɗora a amalanke, ka zagaya da shi ta tasha don mutane su ɗauka daga mota aka sauke. Sai ka ce da 'yarka, "Ga saƙon mijinki." Bayan an sake ni ta gaya mini a waya: "Tun ina yarinya na san ɗaurin buhun Baba. Shiru na yi don kada in kunyata ku, ku biyun."

Babban ɗanka Ibram ya ce a je wurin alƙali a raba auren. Ba na ganin laifinsa. Ƙanwarsa ce, kuma shari'a ta ba ta wannan haƙƙi. Ka ce masa, "Ranar ɗaurin aure, a gaban jama'a na karɓi mijinta Hashimu ɗa. In kai ne ka ɓace, sai in bar gidanka ya mutu?"

Amma ba ka tilasta mata ba. Kowace kaka sai ka zaunar da ita ka ce, "Zinariya, kin gaji? In kin gaji, ni da ƙafata zan kai ki wurin alƙali." Ni ma ba ka raga mini ba. Ka sa aka gaya mini cewa gero kaɗai kake iya kaiwa, sauran haƙƙin aure yana wuyana, kuma Allah zai tambaye ni. Maganar ta yi mini zafi, don gaskiya ce.

Yanzu Ibram ne waliyyinta. Ya ce zai jira ni zuwa sadakar arba'in, in ban zo ba zai yi mata tambayar da kake yi. Ta riga ta ba ni amsar: ta gaji. Ranar Asabar zan shiga motar Agadas in kama hanyar gida.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya yalwata maka kabari, ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa mini. Ina miƙa ta'aziyya ga matarka Inna Yabawa, da Ibram, da Zinariya, da danginmu na Kelle. Allah ya ba mu haƙuri.

Abin da na tara a shekara shida ga shi: kuɗin mota zuwa Gure, da na buhun gero huɗu, bargo biyu, turmin atamfa ɗaya. Sai farar riga da na saya maka tun bara, tana cikin leda ban buɗe ba.