Wata Goma Sha Ɗaya a Hawa na Huɗu

Alhaji Tahir mutumin Damagaram ne, ya shekara talatin yana ɗinkin jallabiya a unguwar Sultana, a ƙasa mai tsarki. Juma'a ba ta taɓa wuce shi a Harami ba, sai da ciwon suga ya ci ƙafarsa aka yanke ta. Daga nan muka daina ganinsa. Mu da muke haya a imara ɗaya, wato bene ɗaya, da shi muka ɗauka ya koma gida jinya.

Bayan wata goma sha ɗaya na hau hawa na huɗu domin in miƙa wa matarsa Mariyamu wata wasiƙa da aka ajiye a ƙofata bisa kuskure. Muryarsa ce ta amsa sallamata. Na shiga.

Yana zaune a keken guragu, ya fuskanci taga.

"Alhaji, ashe kana nan?"

"Ina za ni? Asansir ya riga ƙafata mutuwa."

Gaskiya ya faɗa, na'urar hawa benen ta daɗe da lalacewa. Shekara biyu muna hawa da ƙafa, kowa yana cewa gyara aikin mai imara ne, babu wanda ya ɗaga murya.

"To, Jabir fa? Ƙato irinsa ya kasa goya ka?"

Jabir mijin 'yarsa ne, a hawa na biyu yake zaune. Alhaji ya dube ni kamar na zage shi.

"Surukin nawa? Wanda ban taɓa cin abinci a gabansa ba, shi zai rungume ni kamar jariri? Gara in ruɓe a nan."

Mariyamu ta ce, "Sau uku yana zuwa da hawaye. Shi ma kunya ta hana shi matsawa."

Na sauko ina buga ƙofofi ina ba da labari. Mutane suka yi ta salati. A ranar muka rubuta wa baladiyya, wato hukumar gari, takarda a kan asansir, mu goma sha huɗu muka sa hannu. Amma Juma'a ba ta jiran takarda. Da ranar ta zo, ni da maƙwabta biyu muka kama keken, kusurwa ta huɗu kuwa babu mai ƙarfinta sai Jabir. Ya rufe fuskarsa da shimag, ƙyallen da yake yafawa a kai, ya riƙe ta baya, inda idon surukinsa ba zai kai ba.

Da muka iso hawa na biyu, Alhaji ya ce, bai waiwaya ba, "Bawan Allahn nan na baya, ko wane ne shi, ya sassauta. Zai kifar da ni kafin in ga Harami."