Kailu da Sunan da Ya Ƙi Fita

Kakana Kailu, manomin gero ne a ƙasar Kurfai, kusa da Filinge. Mutum ne mai surutu kamar kanari. Ya raɗa wa awakinsa suna, ya raɗa wa jakinsa suna, har da rijiyar bayan gida. Suna ɗaya ne kawai bai taɓa fita daga bakinsa ba, sunan ɗansa na fari, Tahiru, wato babana.

Kunyar ɗan fari al'ada ce, kowa na yi, amma Kailu ya wuce gona da iri. In yana son ɗansa sai ya yi tari. In tari bai yi ba, ya aika jifa da ɓawon gyaɗa. In baƙo ya tambayi ɗan wane ne wannan ƙato, sai ya dubi sama ya ce ana ganinsa dai a gidan. Kakata Habsa takan ce da ma kunyar nan ta kama shi wajen cin tuwo, da rumbu ya huta.

Wata shekara, ana dab da shuka, Nasara suka kwashe majiya ƙarfi don su yi musu dakon kaya zuwa gabas. Tahiru na ciki. Waɗanda aka ɗiba bara, rabinsu ba su dawo ba. Sai labari ya zo cewa kumandan Nasara zai saki duk wanda shi kaɗai ne ɗan tsoho, in uban ya zo da kansa ya shaida.

Kailu ya sa babbar riga, ya tafi bariki yana gumi. Tafinta ya nuna masa layin samari, ya tambaye shi wanne ne nasa. Kailu ya ce akwai wani dai can, mai kama da mutanen gidansu. Aka tambayi sunansa. Ya ce sunansa sunan wani limami da ya rasu a Bonkuku. Tafinta ya fassara, kumandan ya fara ja kamar gauta. Shi a ganinsa tsohon da bai san sunan ɗansa ba maƙaryaci ne, ya zo satar ɗan wani. Ba laifinsa ba ne, a ƙasarsu, an ce, har sumbatar 'ya'yansu suke a kasuwa.

Tafinta, wani Bazabarme, ya rage murya: “Baba, ka hwaɗi sunan. Yanzu za su tashi.”

“Gaban mutane?”

“Gaban mutane.”

Kailu ya dubi layin. An riga an ɗora wa ɗansa akwati a ka. Ya buɗe baki, ya rufe, ya sake buɗewa, ya ce Tahiru, a hankali kamar mai satar magana. Babana bai ko motsa ba. Shekara talatin bai taɓa jin sunan a wannan murya ba, ya zaci da wani ake.

Gardi, wato dogarin bariki, ya ɗaga bulala, layi ya fara tafiya. Sai Kailu ya yar da sandarsa.

“Tahiru! Ɗana na! Ni na haihe shi, ba ni da wani!”

Babana ya saki akwatin Nasara a ƙasa, wani abu ya fashe a ciki, ba wanda ya kula. Kumandan ya ce a sake shi, suka koma gida tare.

Kwana bakwai Kailu bai fita ƙofar gida ba don kunya. Duk da haka ina tausayinsa in na tuna abin da ya gaya wa Habsa a rana ta takwas, idonsa a ƙasa:

“Ashe sunan da daɗi a baki. Ni na zaɓa mai shi, kuma ni kaɗai ban ɗanɗana ba.”