Hoton Zanen Inna

"Ɗauki zanen da kyau, 'yar nan, ƙyale fuskar."

Haka wata tsohuwa 'yar garin Kuyello ta ce min yau a tasha, za ta shiga motar Kaduna. Ta gan ni da waya ina ɗaukar hotunan gari, yadda na saba kullum don sha'awa.

Na ce, "Inna, ai fuska ake ɗauka."

Ta yi dariya. "Da rigarsa muka gane gawar maigidana a daji. Tura wa ɗana, kada ya sha wahalar nemana."

Na ɗauka, ta ba ni lambarsa, na tura.

Masu cewa hanya ta yi lafiya, ku faɗa min sunan da zan sa wa hoton nan.